Isuhu Falke Zai Auna Rana

Falalu sanƙira ya hau tushen tsamiyar da ke tsakiyar kasuwa, ya daki kugensa har awakin kara suka zabura, sannan ya cika ƙirji da iska.

"Jama'ar Tsamiyar Hamma, a saurara! Dagaci ya gaishe ku. Saƙo ne daga Kazaure. Kasuwa mai zuwa, da rana tsaka, wani falke mai suna Isuhu zai biyo burji ya iso garin nan da mizaninsa da kirtaninsa. Zai ɗaure rana ya auna ta, gari ya yi duhu, in ya gama ya sake ta. Kada kowa ya gudu. Kada kuma wani ya ɗaga kai ya dube shi, don kwarjininsa makantarwa yake yi. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba!"

Kasuwa ta yi tsit. Can sai wata mai nono ta tambayi maƙwabciyarta ko rana ma jangali za a ɗora mata. Dariya ta ɓarke daga rumfar mahauta har 'yan gishiri. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Malam Muhammadu Lawal, wanda ya kawo saƙon. Yana riƙe da kekensa a bakin kasuwa, bakinsa buɗe.

Zamanin En'e ne. An aiko Malam daga Kazaure ya zaga ƙauyukan Roni da Gwiwa, ya sanar da talakawa cewa rana za ta yi zazzaɓi, kada a firgita. Da haka ya faɗa, da an wuce wurin. To, amma Malam ya sha littattafan taurari, ya kuma ɗanɗani boko, kuma mai sabuwar riga ba ya son ta kwana a adaka. Da safiyar ranar ya zauna a zauren Dagaci ya ce wata na tafiya a falakinsa, zai yi iƙtirani da rana a burujin Mizani, daga nan sai kusufi ya auku. Dagaci ya gyaɗa kai kamar ya gane. Falalu ma ya gyaɗa, shi kuwa har ga Allah ya ɗauka ya gane.

Abin da garin duka ya sani, amma ba mai faɗa, shi ne kunnen Falalu na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma yana bin sawunsa. Leɓen mai magana yake kallo, ya tsinci abin da ya tsinta, ya cike sauran da hankali. Shelar haraji da ta gayyar hanya da cigiyar jaki duk ya san kamanninsu a baki. Amma falaki? Bai taɓa haɗuwa da shi ba, sai ya kira shi da sunan wanda ya sani, falke. Buruji ya koma burji, iƙtirani ya zama kirtani, kusufi kuwa ya sami uwa da uba ya zama Isuhu. Mizani kaɗai ya tsira da ransa.

Kafin la'asar aka kira Falalu zaure. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zauna da kugen a cinyarsa, ya karkato kunnen dama yana yi kamar hula yake gyarawa. Sama'ilu, ɗan ƙanwar Dagaci, wani ƙato mai murya kamar ta bajimi, yana zaune kusa da ƙofa. Ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kugen nan.

"Baba," in ji Malam, "yaushe na ambaci Isuhu? Kusufi na ce! Ka mai da ni abin dariya. Gobe fataken Ɓaɓura za su kai labarin nan har ƙasar Faransa, a ce malamin En'e ya ce za a ɗaure rana da igiya."

"Kirtani," in ji Falalu. "Ban ce igiya ba. Ba na ƙara wa saƙo gishiri."

Malam ya nemi a kawo masa faifai da lemo da goro. Ya ajiye faifan ya ce shi ne rana, ya ɗauki lemon ya ce duniya ce, ya shiga zagaya shi yana cewa, "Wannan hanyar da take bi ita ce falaki. Wata kuma, wato goron nan, yana da nasa falakin. Idan ya gifta tsakani..."

"Madalla!" Falalu ya katse shi. "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Kowa da falkensa. Duniya da nata, wata da nasa. In ba haka ba, wa ke jan su? Ka taɓa ganin jaki ya tashi daga Roni ya je Ɓaɓura ya dawo ba mai kora?"

"Ba mai jan su sai ikon Allah!"

"Shi ma falke da ikon Allah yake tafiya."

"Buruji fa, Baba, masaukin rana ne a sama. Guda goma sha biyu ne."

"Zango ke nan. To, wa ke sauka a zango in ba falke ba? Malam, da bakinka kake ba ni gaskiya, da fuskarka kake hana ni."

Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Malam ya ajiye lemon da ƙarfi har ya gangara, duniya ta tafi ƙarƙashin buzun liman.

Dagaci bai yi dariya ba. Tare suka yi ƙuruciya da Falalu, shi ya sa abin ya yi masa nauyi. Ya kawar da fuska gefe yadda ba za a ga leɓensa ba, ya ce a hankali, "Sanƙira, yaya jikin matarka Dela?"

Falalu ya ga duk idanu sun dawo kansa, ya san an yi masa magana. Ya yi ta maza.

"An fara yanka, ranka ya daɗe. Gero ya yi kyau bana."

Wannan karon ba wanda kafaɗarsa ta motsa. Kunya ta kama kowa a madadinsa, kuma shirun ya fi dariyar ɗazu ciwo. Dagaci ya juyo ya ɗaga murya. "Falalu, ka yi wa garin nan aiki, ubanka ma ya yi. Ka huta haka nan. Sama'ilu zai gyara shelar. Ranar kasuwa, in an tashi, ka kawo kuge."

Wannan kam ya ji shi sarai. Ya miƙe ba tare da ya dafa ƙasa ba, ko da yake gwiwoyinsa sun yi ƙara.

"Ranka ya daɗe, kunnena garau yake. Mutanen yanzu ne ke magana kamar an sa musu danƙo a baki. Kugen nan kuwa a hannun ubana na karɓe shi yana kan shimfiɗar ajali. Mai so ya jira tawa shimfiɗar."

A gida Dela ta ajiye masa tuwo, ya ture. Ta matso dama da shi, inda ta saba zama tun da ta lura da kunnensa, ta ce da ƙarfi, "Maigida, me zai hana ka je ka ba da haƙuri?"

"Haƙurin me? Na yi sata ne? Malam ne ya zo da Larabcin da ko kaza ba za ta tsattsaga ba, ni na dafa wa mutane yadda za su iya haɗiya."

Ta san ba Isuhu ne damuwarsa ba. Mutumin da gari ke yin tsit in ya buɗe baki, yau ana so ya koma tsohon da ake yi wa ihu a kunne.

Sama'ilu ya kwana biyu yana haddar kalmomin Malam, ya zaga unguwanni yana rangaɗa su ba kuge. "Za a yi kusufi a burujin Mizani saboda iƙtirani!" Duk inda ya faɗa, sai a leƙo ta katanga a ce, "Isuhun dai? Ai mun ji."

Rana ba ta ƙarya. Kasuwa ta cika fiye da kullum, har da mutanen rugage da suka zo ganin falken da zai auna rana. Falalu ya zauna a tushen tsamiya, kuge a cinya, ya haɗe rai. Dagaci da Malam suna cikin rumfa daura da shi.

Wajen azahar haske ya fara yin fatsi-fatsi, kamar an surka shi da ruwa. Iska ta yi sanyi. Hasken da ke ratsowa ta ganyen tsamiya ya zube a ƙasa kamar ƙananan lauje. Shanu suka juya suka nufi ruga ba mai kora, kaji suka nemi akurki. Gani ya kori ji. Masu dariyar makon jiya suka fara salati, wata ta yar da ƙwaryar nononta, mata suka rarumi kwanuka za su fara bugawa don a saki rana. Mutane suka yunƙura za su watse, ga yara a ƙasa, ga tukwane a hanya. Sama'ilu ya miƙe ya buɗe baki, iƙtirani ya maƙale masa a wuya.

Falalu bai ji salatin sosai ba, amma ya ga ƙafafu. Ya miƙe ya daki kuge da dukan ƙarfinsa.

"Ina za ku? Ba na gaya muku ba? Isuhu ne ya iso! Awo yake yi, ba saye ba! Ku zauna, ku sunkuyar da kai, kada ku sa shi ya rikice a lissafi!"

Wani mahauci ya tuntsire da dariya, ta kama na kusa da shi, ta bi kasuwa. Mutum ba ya gudu yana dariya. Aka zazzauna, liman ya ja masu alwala suka tayar da salla, sauran suka zuba wa lauje-laujen ƙasa ido.

Dagaci, wanda shi ma gumi ya jiƙa masa rawani, ya karkata ya ce, "Malam, yaushe Isuhun naka zai kwance kirtanin?"

Malam ya buɗe baki zai gyara, ya dubi jama'ar da ke zaune lafiya, ya haɗiye. "Ya kusa, ranka ya daɗe. Yana naɗe kaya."

Haske ya dawo sannu a hankali. Zakaru suka yi cara a banza. Dagaci ya miƙe, ya hango abokin ƙuruciyarsa tsaye a tushen tsamiya, ya ɗaga murya yadda kowa zai shaida.

"Falalu! Riƙe kugenka!"

Tsakaninsu da nisa, ga gemu ya rufe leɓe. Falalu ya ji "kugenka", ya ga hannu a miƙe, ya cike sauran. Ya rungume ƙarfen a ƙirji, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Ba zan miƙo ba! Wallahi ba zan miƙo ba, ko Kazaure za a kai ni a ɗaure!"

Kasuwa ta sake kecewa. Dagaci ya rufe baki da gefen rawani, ya ɗaga hannu biyu alamar ya sallama. Falalu ya dube shi, ya dubi Sama'ilu sama da ƙasa, ya saɓa kuge ya ratsa taro, ana dare masa hanya.

Dela ta tare shi a ƙofar gida. Labari ya riga shi isowa ta bakin maƙwabta, har da abin da Dagaci ya faɗa na gaskiya.

"Na yi maganinsu," in ji shi. "Da ƙarfin tsiya na ƙwace shi."

"Ka yi maganinsu, Maigida," ta ce da ƙarfi, ta kunnen dama.

Ya zauna a kan turmi, ya juya kugen a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kai kunne. Ya daɗe a haka. Da ya yi magana, muryar ba ta shela ba ce.

"Dela, kugen nan ya fara tsufa. Yau na dake shi iya ƙarfina, amma ƙarar kamar daga cikin rijiya."

Ta dubi ƙarfen, wanda ɗazu ta ji amonsa tun daga madafi.

"Sai a kai wa maƙeri ya duba," in ji ta.