Abin da Ya Faɗo a Allon Sabitri

Aikin Zrinka a jami'ar Zagreb shi ne bincike kan yadda baƙin ma'aikata masu koyon Kuroshiyanci, harshen ƙasar, suke haɗa ɗan bidiyo da hoto da murya da rubutu. Da amincewarsu take naɗar allon wayarsu suna aiki, daga baya ta zauna da kowa su kalla tare, tana tambayar dalilin kowane zaɓi.

Da safiyar Talata tana duba naɗin Sabitri, 'yar Nepal mai aiki a gidan burodi, sai saƙo ya faɗo saman allon cikin Kuroshiyanci: “Fasfonki yana hannuna. Ki buɗe baki a makarantar nan ki gani.” Zrinka ta mayar baya ta sake karantawa, kofinta ya huce a gabanta. Ta yi wa mutanen nan alƙawarin abin da ba na bincike ba, idonta bai gan shi ba. To ga shi ta gani.

Da azahar Sabitri ta shigo, gari a hannun rigarta. Suka fara kallo.

“Me ya sa kika sa hoton tasha a nan?” Zrinka ta tambaya.

“Yana da kyau, Malama.”

Idon Sabitri yana kan taga. Zrinka ta leƙa. Wata farar mota tana tsaye a bakin layin taragu, direban bai kashe ta ba.

Ta miƙa hannu ta kashe na'urar naɗar murya.

“Sabitri, na ga wani abu da ba nawa ba. In kin ce in goge, yanzu zan goge, ba mai ji.”

A waje aka danna hon.

“Na san ana naɗar allon,” in ji Sabitri, tana tsinto kalmomin ɗaya bayan ɗaya. “Ban ture saƙon ba. Bakina bai iya faɗa ba tukuna.”

“Mai saƙon ne a motar?”

Ta gyaɗa kai.

Zrinka ta kira Dubravka, abokiyar aikinta a ofishin da ke kusa, wadda ta san lauyoyin wata ƙungiyar ma'aikata. Dubravka ta shigo da burek, wani gasasshen burodi mai nama, a hannu.

“Ke kuma wa ya mutu?”

Da ta karanta allon sai ta ajiye abincin. “Ɗauko jakarki, ƙanwata. Ta ɗakin karatu za mu fita.”

Hon ya sake tashi, wayar Sabitri ta hau ruri. Ta kife ta a tebur, sannan ta ɗauka ta jefa a jaka.

A bakin ƙofa ta juyo. “Malama, bidiyona bai ƙare ba.”

“Yana nan. Ki tafi.”

Zrinka ta tsaya a taga tana kallon mutumin ya fito daga mota yana duban ƙofar gaba, har saƙon Dubravka ya shigo cewa sun hau tasi.