A-kori-kurar Is'haƙa

Ni fa tun da aka sayi motar nan ba ta taɓa burge ni ba. Tsohuwar a-kori-kura ce, ƙanena Is'haƙa ke jigila da ita tsakanin Dogon Dutsi da Dogon Kiriya. Kamar sauran direbobin tasha, ya sa an ƙara mata ƙarafan sifirin a baya har ta sandare, don ta ɗauki buhunan hatsi da awaki da mutane a kai ba ta durƙusa ba. Da shi ake kwatance a tashar wajen lodi. Amma in ka zauna bayanta, wallahi hanjinka sai ya gaisa da maƙogwaronka.

Sai Inna, mahaifiyarmu, ta zo mini ziyara nan Dogon Dutsi ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi mata aiki, ta kwanta ɗakina. Ƙashi ya fara kamawa, ita kuwa ta fara ramewa. Kullum zancenta ɗakinta na Dogon Kiriya da tumakinta, har ta daina taɓa tuwo. Likita ya ce hanyar garin nata mai ramuka za ta iya ɓata aikin duka, in ya ɓaci kuma da wuya ta sake takawa. Da Is'haƙa ya ce shi zai kai ta gida, na wanke shi tas. Na ce a wannan turmin nasa zai daka mana uwa?

Ya juya ya fita. Ya kai motar garejin Kabiru makanike, ya ce a cire duk ƙarafan da aka ƙara, a sa mata sababbin amotisa, wato abin da ke shanye girgiza, a canza robobin ƙasa da suka cinye. Kabiru ya gargaɗe shi cewa daga ranar ba za ta ƙara ɗaukar rabin lodin da ta saba ba. Direbobi suka taru suna masa tsiya, wai sarkin lodi ya koma ɗaukar amare. Is'haƙa mai zuciyar nan, da ba a taka shi ya ƙyale, ya haɗiye.

Da aka gama ya zo ƙofar gidana, ya ce in cika ƙwarya da ruwa. Ya girka ta a baya kan gammo, ya ce in hau in zuba ido. Muka bi hanyar jar ƙasa ta bayan gari. Ruwan ya zube rabi, na sauko ina masifa. Ya koma wajen Kabiru, suka sake lallaɓa ta, ya rage wa tayoyi iska. Karo na gaba ruwan rawa kawai ya yi a bakin ƙwarya. Na ce masa to, a ɗauko Inna.

Muka shimfiɗa katifa, muka kwantar da Inna, na zauna gefenta hannuna bisa ƙugunta. Tsoro ya cika ni. Kowane rami na hango sai na runtse ido, motar kuwa ta sauka ta hau a hankali kamar raƙumin da ya ƙoshi. Babura na wuce mu, har da amalanke ɗaya, Is'haƙa ko a jikinsa. Tun ba mu fita gari ba barci ya kwashe Inna.

Da muka tsaya, ya zagayo ya buɗe murfin baya. Ƙarar ce ta tashe ta. Ta dube shi ta ɓata rai.

"Auta, wai yaushe za mu tashi ne? Tun ɗazu kun shanya ni a rana."

"Inna, ɗaga kanki ki duba," in ji shi.

Tumakinta ne tsaye a ƙofar gida suna kallonta. Ni kuwa na dafa gefen motar na ce wa maƙwabtan da suka fito, ku duba da kyau, wannan ƙanena ne, wannan kuma motarsa ce.