Agarar Zailani

Zailani ya cusa sandarsa cikin motar haya, ya ja ƙafarsa ta dama da aka naɗe da bandeji ya zauna. Matarsa Adawiyya ta miƙa hannu za ta tallafe shi, ya ture.

Wata uku likita ya ce. Agara ta tsage, babu gudu, babu tsalle. Mutumin da ya yi shekara tara yana gudu kullum da asuba, tun ranar da aka ce ciwon suga na neman kama shi kamar yadda ya kama mahaifinsa a Damagaram! A Tahaggart, tsohuwar unguwarsu ta cikin gari, kwalta yake bi, da fitilu. Da suka koma bayan gari sai duwatsu da karnuka, har jiya ƙafarsa ta afka rami.

"Ke kika ja mana," ya ce. "Fili, fili, sai mun samu fili. To ga fili nan ya karya ni. Gari za mu koma."

"Baban Yunus, mutane na jinka."

"Su ji! Awa guda nake yi kafin in kai shago. Ko burodi sai an hau mota. Wannan zama ne?"

Adawiyya ta juyo, idonta ya kaɗa. "Kai da asuba kake fita, sai isha kake dawowa. Wane zaman gari ka sani? Ni na yi shi. Ɗaki ɗaya, yara huɗu. Yanzu da na samu inda zan shanya wanki ba tare da an zage ni ba, shi ne za ka mayar da ni saboda kwalta?"

"Direba, tsaya!"

Ya sauka a Tahaggart ya bar ta cikin motar. Wurin Sharifu za shi, mai gidan da suka bari, ya ji ko akwai ɗaki.

Bai taɓa bin lungun da rana tsaka ba. Babura na wucewa suna gogarsa. Wani mai amalanke ya buge sandar, ya wuce ko waiwaye babu. Kafin ya kai ƙofar gidan gumi ya jiƙa shi, ƙafar na zogi.

Daga zaure ya hango tsakar gida. Mata biyar na tsaye da bokitai gaban famfo ɗaya da ke ɗiga. Wata mai goyo, wadda ta fito daga tsohon ɗakinsu, tana roƙo a bar ta ta tari ko kofi biyu, jaririnta ya ɓata jiki.

"Bi layi!" aka daka mata tsawa. "Wadda ta riga ki zama ɗakin nan ma haka ta yi shekara bakwai tana bi."

Matar ta koma baya ta tsaya. Zailani ya daɗe yana kallon bokitin da ke hannunta.

Wayarsa ta yi ƙara. Adawiyya ce, muryarta a daƙile.

"Ka samu Sharifun?"

Sharifu na zaune kan tabarma a gefen zauren, yana dafa shayi, har ya ɗaga masa hannu yana murmushi.

"Ba ya nan," Zailani ya ce. "Ya yi tafiya."