Hoton da Alƙali Ya Zaɓa

Shekara ashirin da uku ke nan, duk Asabar ɗin ƙarshe ta shekara, Alƙali yakan zauna a gidan rediyo ya faɗi zaɓinsa: wane fim ne ya fi, wace jaruma ce ta ciri tuta, wa ya fi iya kiɗa, wa ya fi iya riƙe kyamara. Ba kofi yake bayarwa ba, ba takardar yabo ba, baki ne kawai. Amma 'yan fim sun fi shakkar bakin nan nasa a kan duk wani bikin da ake yi a otal. Su ne ma suka laƙaba masa Alƙali, alhali bawan Allah bai taɓa taka ƙofar kotu ba.

Matarsa kuwa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ba ruwanta da fim. A wurinta, mutum ya zauna awa biyu yana kallon ƙaryar wasu, rashin aikin yi ne. To ga shi bana ita ce ta kalli finafinai arba'in da ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Idon Alƙali ne ya tafi. A hankali ya tafi, daga gefe-gefe, har ya rage ba ya bambance komai sai wajen da taga take. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiyar ce ta mutu. Da suka fito daga asibitin, abu ɗaya ya roƙe ta: kada kowa ya ji, ko 'ya'yansu. Idan gidan rediyo suka ji, shirin ya ƙare, kuma shi ban da shirin nan ba shi da inda ake sauraronsa. Ya sayi baƙin tabarau, ya ce wa mutane hasken rana ne ke damunsa.

Yana da wata ƙa'ida tun yana saurayi: kowane fim sau biyu yake kallonsa, na farko da sauti, na biyu a kashe sautin gaba ɗaya, don ya ga ko hoton zai iya tsayawa da ƙafarsa. Bai yarda ya sauya ba. Zagayen farko ya zama nasa shi kaɗai, da kunnensa, Gwaggo tana can tana aikinta. Na biyu kuwa sai ta jawo kujera kusa da shi, a kashe sauti, ta zama idonsa.

Da farko sai da suka sha faɗa.

“Me kike gani?”

“Wata ce take kuka.”

“Wata wa? Daga ina haske yake zuwa? Kyamarar tana kusa ko nesa?”

“Haba Malam, ni ina na san inda kyamara take? Da ni aka yi?”

“Fuskarta ce ta cika gilashin, ko kina ganin har ƙafarta?”

“Har majinarta nake gani.”

“To kusa ke nan, 'yar tsohuwa. Haka za ki ce.”

Kafin wata uku ta gane kan abin. Ta iya cewa nan an yanke da wuri, nan inuwar mai riƙe fitila ta fito a bango, nan rigar jarumin ta sauya launi tsakanin ƙofa da tsakar gida. Shi kuma ya yi ta kaɗa kai yana cewa, “Da na san haka kike, ai da tuni na ba ki rabin shirin.”

Fim na arba'in da ɗaya sai ana gobe shirin suka samu zama a kansa. Na wani sabon darakta ne, yaro matashi, labarin mai gadin mashigar jirgin ƙasa. Alƙali ya saurare shi da safe, ya ce mintuna ukun ƙarshe ba magana, kiɗa ne kawai, yana so ya san me aka ɗora a kansu. Ranar ba ta zo masa da daɗi ba. Ya zuba shayi a gefen kofi ya ƙona cinyarsa, can ya ce, “In dai na haɗa jerin nan na bana, na san da sauran amfanina.”

Bayan la'asar suka kai ƙarshen. Gwaggo tana ta bayani. Mai gadin ya fito daga ɗakinsa ke nan, sai aka ɗauke wuta. Gilashin talabijin ya yi baƙi. Tunda dama ba sauti, Alƙali bai san an yi ba. Kuma a layinsu idan aka ɗauke a wannan lokacin, sai wani ikon Allah.

Ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ya riga ta.

“Ci gaba mana. Yanzu ne wurin. Me kike gani?”

Ta dubi gilashin. Ba komai a ciki sai ɗakinsu, kamar a madubi.

“Wani tsoho ne,” in ji ta a hankali, “yana zaune a bakin taga.”

“Mai gadin ne ya tsufa?”

“Da alama. Hasken yamma ya raba fuskarsa biyu. Ya miƙo wuya gaba kamar mai jiran a kira sunansa. Hannunsa yana kan gwiwa, yatsun suna ta motsi su kaɗai.”

“Kyamarar fa?”

“Ba ta motsi ko kaɗan.”

“Madalla. Shi kaɗai ne?”

“Akwai wata mata a gefensa, ba a ganinta sosai. Kallonsa take yi. Shi bai sani ba.”

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya sa gefen riga ya goge ƙarƙashin tabarau. “Yaron nan,” in ji shi, “a ina ya koyi wannan?”

Da yake faɗa mata jerin tana rubutawa, ya zo kan gwarzon hoto, ya ba yaron. Gwaggo ta ajiye biro.

“Malam, fim ɗin 'yan asibitin nan fa? Wanda ruwa yake gangarowa a jikin gilashi? Ai ka yaba.”

“Ji mutuniyar! Bara war haka ba ki san gaban kyamara da bayanta ba, yau ke ce za ki gyara mini hukunci?”

Ya yi dariya. Rabonta da ta ji wannan dariyar tun kafin asibiti. Ta ɗauki biron ta rubuta. Wa zai tsaya bin diddigin minti uku a fim ɗin da ko mutum ɗari ba su kalla ba? Haka ta ce wa zuciyarta.

Ranar Asabar da hantsi ta raka shi kamar yadda take yi duk inda za shi, kafaɗarta tana gogar tasa don kada a ga jagora take yi. Daga ƙofar gidan rediyon ya san sauran da ka: taki goma sha huɗu, a juya dama, matakala uku. Takardar da yake riƙewa ta ado ce, ya haddace komai, Gwaggo ta lanƙwasa kusurwar sama don kada ya riƙe ta a juye. Manajan gidan rediyon ya hango ta, ya ce yau babbar rana ce, lallai Gwaggo ta shigo ta zauna wurin injiniya, ta kalli maigidanta ta gilashi.

Muryarsa ta fito tas, kamar ta da. Jarumar shekara, ya ce, ita ce wadda ta fito a matar direban tasi, don ta iya yin shiru. Kiɗa ya ba fim ɗin masu gyaran takalma. Ya caccaki wani babban darakta da ya sa mutum ya mutu sau biyu a fim ɗaya saboda rashin lura, har injiniya ya kifa kai a kan tebur don dariya. Daga nan ya zo kan hoto. Ya sassauta murya, ya kwatanta tsohon, da tagar, da yatsun, da matar da ke gefe. Ya ce a shekara ashirin da uku bai fi sau uku ya ga irin wannan ba.

Aka buɗe layin waya. Mai kira na biyu ya soma magana da zumuɗi.

“Baba Alƙali, ni ne na yi fim ɗin mai gadin. Wallahi tun ina makaranta nake mafarkin ka ambaci aikina. Na gode. Sai dai, Baba... babu tsoho a ƙarshen fim ɗina. Jirgi ne ya wuce, mai gadin ya ɗaga ƙarfen tare hanya, sai rubutun sunaye. Ko da wani fim ɗin aka haɗa?”

Gwaggo ta ga yatsun mijinta sun tsaya a kan takardar.

“Babu taga?” in ji Alƙali.

“Babu, Baba.”

“Matar fa?”

“Babu ita.”

Injiniya ya dubi manaja. Alƙali ya ajiye takardar, ya cire tabarau ya ɗora a kanta.

“Masu sauraro,” in ji shi, “bana ban ga fim ko ɗaya ba. Wata goma ke nan ba na gani. Duk wanda na ambata yau, ya yafe mini, kada ya dogara da maganata.”

Injiniya ya saki kiɗa.

Manajan mutumin kirki ne. Ya riƙe hannun Alƙali da hannu biyu, ya ce ai da an faɗa musu, ya ce a je a huta tukuna, za su neme shi. Gwaggo ta san irin wannan neman. Wata yarinya mai karanta labarai ta miƙo masa tabaransa tana ɗaga murya, sai ka ce kunnen ne ya mutu.

Sai da suka fita daga harabar, suka kai bakin babban titi, sannan ya yi magana.

“Waye tsohon?”

“Wuta aka ɗauke, Malam. Kai ne na gani a gilashin.”

“Ni ne mai miƙa wuya.”

Ya juyo da fuskarsa wajenta.

“Sauran arba'in ɗin fa?”

“Wallahi tallahi wannan kaɗai ne. Duk sauran abin da na gani na faɗa maka.”

“Ruwan da ke gangarowa a gilashin 'yan asibiti?”

“Yana nan! Ka sa a duba maka, ka tambayi kowa.”

“Kowa,” in ji shi. Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ta fi jin sauƙi.

Motoci suka tsagaita. Ta kama hannun rigarsa, a fili yanzu, tunda ba sauran abin ɓoyewa.

“Babu mota. Mu tsallaka.”

Bai ɗaga ƙafa ba. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana kasa kunne da kansa. Titin fayau yake, tana gani, ta sake faɗa masa. Yana nan tsaye yana saurare, har wasu motocin suka taho.