Kaset a Gwangwanin Allura

Kowa a unguwar ya san Bushira mai ɗinkin hula ba ta roƙon kowa komai, ko da gishiri ne. Shi ya sa ranar da aka gan ta ta nufi shagon Tasi'u mai gyaran kwamfuta da ƙunshi a hammata, mata suka yi ta leƙe ta saman katanga. Kafin ta kai bakin titi wasu har sun ɗaura musu aure. Tasi'un da sanƙonsa ke ƙyalli kamar bayan sabuwar ƙwarya!

Abin da ya fito da ita kuwa, 'yarta tilo Jannatu ce za a kai ɗakin miji a Miga bayan sati uku. Da aka tambayi yarinyar abin da take so, ba ta ce gado ba, ba ta ce tukwane ba. Cewa ta yi a nuna mata ubanta yana motsi.

Uban, marigayi Nu'uman, mai ɗaukar bidiyo ne a gidajen biki. Ya ɗauki rabin amaren Haɗeja, har da waɗanda yanzu suke rantsuwa ba su taɓa rawa ba. Amma shi kullum yana bayan kyamara. Sau ɗaya tak ya miƙa ta ga wani, ranar sunan Jannatu, ya zauna ya karɓi jaririyar. Wata biyar bayan nan kwalekwale ya kife da su a hanyar Kirikasamma, za su gaisuwar rasuwa. Hotonsa na kati ambaliya ta cinye. Saura ɗan kaset guda, bai fi kwalin ashana biyu ba, da tsohuwar kyamarar.

Shekara ashirin Bushira ba ta kalli kaset ɗin ba. Da fari zuciya ce ta ƙi, daga baya ta ce sai yarinya ta girma. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, fuskar mutumin ta fara ɓace mata. Tana tuna tafiyarsa da tarinsa, amma in ta rufe ido ta nemi fuskar, sai ta ga kamar inuwa a cikin ruwan kogi.

Tasi'u ya juya kyamarar, ya hura, ya shinshina. Ƙanen abokin marigayi ne, don haka akwai wasa tsakaninsu.

"Yaya Bushira, wannan ai sa'ar kakata ce."

"To ka gaishe ta da ladabi. Za ta yi ko ba za ta yi ba?"

Ya jona ta a wuta, ta yi gurnani, ta haɗiye kaset. Sai dai ɗan gilashin da ake kallo a jikinta ya mutu, ramin da ake jona ta da talabijin kuma ya yi tsatsa ya ruɓe. Hanya ɗaya ta rage, a ɗebo hoton ta wayar kebul zuwa kwamfuta. Ya ɗauko wayar, ya zagaya kwamfutarsa da ita gefe da gefe, babu ramin da bakinta ya shiga.

"Kin gani? Sun daina yin irin ramin nan."

"Su wa?"

"Masu ƙerawa."

"Da suka daina, sun tambayi masu kaset?"

Ya aika Kano aka kawo masa wani ɗan mahaɗi. Kwana huɗu ana jira. Da ya zo, waya ta shiga, kwamfuta ta yi ƙara, Bushira ta matso. Sai wani rubutu ya fito.

"Me ta ce?"

"Ta ce an jona mata wani abu, amma ba ta san shi ba."

"Iye! Yarinyar jiya ce za ta ce ba ta san manya ba?"

Ya yi mata bayani a hankali. Kowace na'ura sai da wata 'yar manhaja mai yi mata tafinta da kwamfuta. Ta wannan kyamarar an yi ta ne don tsarin kwamfuta na da, sabon tsarin kuwa ya ƙi ta. Ya sauko da ita daga intanet, aka ƙi karɓa. Ya sauko da wata, kwamfuta ta sandare, fuskarta ta koma shuɗiya. Ya kashe, ya kunna, ya canja rami, ya canja waya. Kullum maganar ɗaya ce: ba ta san shi ba.

Bushira ta mai da shagon wurin zamanta. Takan zo da hular da take ɗinki da gwangwanin allurarta, ta zauna a benci. In allura ta faɗi, sai ta ciro mayen ƙarfenta ta shafa ƙasa da shi, allura ta yi tsalle ta manne. Kowace mai ɗinkin hula tana da irinsa, amma nata babba ne, baƙi, mai nauyi. Nu'uman ne ya ciro mata shi daga lasifikar rediyonsa ranar da ya taka allura yana alwala, ya yi ta ɗingishi yana mita.

Matan unguwa kuwa sun gama yanke sadaki.

Saura kwana shida biki, Tasi'u ya ce, "In sabuwa ta ƙi tsohuwa, sai a nemo mata tsohuwa 'yar'uwarta." Ya ji labarin wani a Birniwa da ya rufe shagon buga takardu tun tuni. Ya rufe nasa shagon, ya tafi da kansa. Ya tarar da akwatin tsohuwar kwamfutar mutumin a ƙarƙashin buhunan riɗi, zanzaro ya yi gini a ciki. Ya goyo ta a babur kamar mara lafiya. Kwana biyu yana fama da ita, ya share, ya canja mata ɗan batir, ya sake zuba mata tsohon tsarin. A bayanta ga ramin nan, daidai bakin wayar.

Ranar Laraba bayan la'asar Bushira ta zo da Jannatu. Yarinyar har an fara yi mata gyaran jiki, tana ƙamshin turaren wuta. Tasi'u ya jona. Tsohuwar kwamfuta ta yi nishi, ta yi shiru, sannan ta rubuta sunan kyamarar tsaf.

"Ta san ta! Wallahi ta san ta!" Tasi'u ya buga tebur.

Bushira ta riƙe bakin benci. Jannatu ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

Ya danna. Gilashi ya yi shuɗi. Sai ga wani yanki na tabarma, ya farfashe gida-gida, ya ɓace. Shuɗi. Ƙafar rago. Shuɗi. Wata guɗa ta taso, aka datse ta a tsakiya. Haka abin ya yi ta yi, ya zo ƙiftawar ido, ya tafi.

Tasi'u ya wanke kan kyamarar, ya sake. Ya sa wani tsohon kaset na bikin wasu da ya taho da shi daga Birniwa, ya fito tas, amarya na ta fari da ido. Ya mayar da nasu. Shuɗi.

Ya juyo ya dubi Bushira.

"Yaya, ina kike ajiye kaset ɗin nan?"

"Inda ruwa bai isa ya taɓa shi ba." Har da ɗan alfahari ta faɗa. Ta buɗe gwangwanin. "Nan. Ambaliya uku, na bar katifa, na bar buhun shinkafa, amma wannan a kaina na fita da shi. Kullum yana kwance a kan…"

Ta ga inda idonsa ya tsaya. Mayen ƙarfen na zaune a gindin gwangwani, allurai sun yi masa gashi.

"Mene ne?"

"Ba komai. Kaset ne ya tsufa."

"Tasi'u, tun kana yawo ba wando na san ka. Mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce hoton da ke cikin kaset da irin ƙarfin nan ake rubuta shi, kuma da shi ake goge shi. Duk gefen zaren da ya kwanta a kan mayen ƙarfen ya tafi.

Bushira ba ta yi kuka ba. Ta dubi gwangwanin kawai. Abu biyu cikin waɗanda mutumin ya bar mata, ta haɗa su wuri guda don kada ɗaya ya yi kewar ɗaya.

"Kawu, bar shi ya ci gaba," in ji Jannatu.

Suka zauna suna kallon shuɗi. Can wajen ƙarshe hoto ya tsaya kamar numfashi biyu. Farar riga. Haɓa da ɗan gemu, kan ya fita daga hoto. Hannu babba, mai tabo a babban yatsa, ya sauka a kan jaririyar da aka yi wa aski. Murya ta ce, "Kai, ɗauke ta da kyau, ni ba…" Sai shuɗi.

"Shi ne?" in ji Jannatu.

"Shi ne."

Tasi'u ya yanko wurin, ya zuba musu a wayar salula. Jannatu ta kalla ya fi sau goma. Sannan ta zame ɗankwalinta, ta ɗora tafinta a tsakiyar kanta, ta bar shi a nan.

"Umma, daga haɓar zuwa sama fa? Yaya yake?"

Bushira ta buɗe baki. Ta rufe ido, ta nema, ta nema.

"Ki bari sai mun je gida," ta ce.

Ba gida ta nufa ba. Ta sallami yarinyar, ta bi ta bayan kasuwar kifi har bakin kogi, inda masunta ke shanya koma. Ta ciro mayen ƙarfen, ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga hannu za ta wurga. Wani mai kwalekwale da ya gan ta ya ce ta fi minti goma a haka, hannu a sama.

Daga baya ta sauke. Ta goge shi da bakin zanenta, ta mayar cikin gwangwani. Kaset ɗin kuma ta ƙulle shi a ɗaya gefen mayafinta, can nesa, ta kama hanya tana riƙe da su hannu daban-daban.