Hayaƙin Motar Modibbo

Idirisu makanike ya zazzage buhun dusar da aka kawo masa a kan bencinsa, turbon mota ya faɗo da nauyi, duk ya yi fari fat da gari. Ya hure shi, ya goge da tsumma, sannan ya sa ɗan yatsa ya kaɗa 'yar fankar da ke ciki. Ta juya sumul, ba ƙara, ba lilo. Ya sake kaɗawa don ya tabbatar, nan take ransa ya ɓaci.

"Modibbo, wannan ai lafiyarsa ƙalau. Wa ya ce maka ya mutu?"

Modibbo Sale, mai motar, yana tsaye a bakin rumfar da sanda a kafaɗa, ko da yake rabonsa da bin shanu daji ya kai shekara uku. Mutumin Miga ne. Rabin garkensa ya sayar ya sayi motar ɗaukar dabbobi, yana kai na mutane kasuwa.

"Ba wanda ya ce ya mutu," in ji shi. "Cewa aka yi kayan ƙasar sanyi ne, ba abin da ya iya sai shan baƙin mai. Aka cire aka miƙo min. Ni kuma na ga ƙarfe ne mai kyau, na ƙi yarwa."

Suka taka zuwa wurin motar, Idirisu ya kifa kanta gaba ya leƙa injin. Inda turbon yake a da, an jona wani bututu da walda tun daga bakin manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin inji, kai-tsaye zuwa salansa. An toshe fayif ɗin baƙin mai da ƙusa. Waldar kauri gare ta, da ɗan murɗe a ƙarshe, kuma Idirisu bai bukaci a gaya masa hannun wane ne ba. Shekara tara ya yi yana riƙe wa wannan hannun ƙarfe.

Aikin Baba Sagiru ne, maigidansa, wanda ya koya masa riƙe sifana, ya yaye shi, ya kuma tsaya masa har ya samu rumfa a wannan garejin na hanyar Kiyawa. Garejin kuwa yana da doka ɗaya da kowa ya haddace fiye da lambar wayarsa: aikin da wani ya buɗe ba a taɓa shi sai da izininsa. Wanda ya taɓa, ƙungiya ta karɓe rumfarsa. Doka ce mai kyau, don ita ta hana makanikai satar wa juna kwastoma. Sai dai ba ta taɓa tambayar ko aikin ya yi daidai ba.

"Rumfa huɗu na shiga kafin taka," in ji Modibbo. "Kowa ya leƙa sai ya tuna yana da aiki da yawa."

Ya ba shi labarin. Tun da aka yi gyaran nan motar ta zama tsohuwa. In ta ɗauki kaya, ɗan tudu kaɗan sai ta hau da giya ta ɗaya, tana aman baƙin hayaƙi har masu babur suna zaginsa. Makon jiya ya ɗauko shanu goma sha ɗaya zuwa Shuwarin, tafiyar ta ninka, rana ta take, wata karsana ta gaji ta durƙushe, sauran suka tattake ta. A bakin titi aka yanka ta. Karsanar kuma ba tasa ba ce, ta wata gwauruwa ce maƙwabciyarsa.

Idirisu ya wanke hannu da fetur ya nufi gindin darbejiya, inda Baba Sagiru ke zama a kan wata tsohuwar kujerar mota yana sauraron rediyo. Ya tsuguna, ya gaida shi, ya tambayi gida da ƙafa, sannan ya kawo maganar a hankali.

"Baba, motar Bafulatanin nan ce. Izini na zo nema in mayar masa da turbonsa."

Tsohon ya rage muryar rediyon. "Wadda na gama?"

"Ita, Baba. Na duba, abin da ya same ta tun farko tsagewa ce a bakin manifol, gaskit kuma ya ƙone. Hayaƙin yana tsiyayewa kafin ya kai ga turbon, shi ya sa ta rasa ƙarfi. Turbon ba ruwansa."

"Hayaƙi?" Baba Sagiru ya yi murmushin da Idirisu ya sani tun yana yaro, wanda mari ke biyo bayansa a wancan zamanin. "To hayaƙi ba kashin inji ba ne? In ciki ya ɓaci, buɗe hanya ake yi ya fita. Kai kuma so kake ka tare shi."

"Ba tare shi zan yi ba, Baba, aiki zan sa shi kafin ya fita. Da ƙarfi yake fitowa, da zafi. In aka bi da shi ta cikin katantanwar ƙarfen nan, sai ya bugi fanka ya juya ta, kamar 'yar fankar karan da yara ke gudu da ita. Ita kuma tana haɗe da wata fankar a ɗaya ɓangaren, wadda ke cusa wa injin iska. An auna gas ɗin motar nan ne daidai da waccan iskar. Yanzu gas yana zuwa, iska babu, shi ne baƙin hayaƙin."

Tuni mutum uku huɗu sun matso, kowa yana goge wani ƙarfen da ba ya bukatar gogewa. Idirisu ya gane kuskurensa. Da su biyu ne kawai, wataƙila da tsohon ya yi shiru ya ce a je a gani. Amma yanzu akwai kunnuwa.

"Shekara takwas ka yi a kamfanin titi kana wanke wa Turawa katafila, shi ke nan ka zama injiniya," in ji Baba Sagiru da ƙarfi, don masu gogen ƙarfe su ji. "Turbo nawa na cire a garin nan kafin ka san dama da hagu? Mota nawa na gani ya zuƙe mata mai ya kashe inji? Ban ba ka izini ba. Tashi ka ba ni wuri."

Maganar tsohon ba duk ƙarya ba ce, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Idirisu rai. Turbo yana kashe inji, in an bar shi da baƙin man da ya shekara, ko direba ya dawo daga doguwar tafiya ya kashe mota nan take. Amma a garejin nan an mayar da cire shi farilla. Mota ta yi tari, a cire turbo. Mota ta yi zafi, a cire turbo. Da fitilar mota za ta mutu, wani zai fara kallon turbo.

Ya koma rumfarsa ya tsaya yana kallonta. Kwano shida ne da dirka huɗu, da 'yar ƙofa mai kwaɗo, da benci, da akwatin kayan aiki. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma da ita yake ciyar da gidansa a Limawa, kuma shekara biyu ya yi yana jiran layi kafin ya same ta. Ya ji tsoro, ba kaɗan ba. Sai ya juya ya ga Modibbo ya fara mayar da turbon cikin buhu ba tare da an ce masa komai ba, don ya riga ya saba da amsar.

"Ajiye shi," in ji Idirisu. "Ja motar nan kusa da inuwa."

Da ya kunna injin yankan ƙarfe, duk garejin ya ji. Ya yanke bututun Baba Sagiru daga tushe, ya kwance manifol ɗin ya ɗora a benci. Tsagewar tana nan inda ya ce, siririya, ta yi baƙi da toka. Ya huda ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya gasa ƙarfen, ya yi waldarsa kaɗan kaɗan, sannan ya binne shi cikin yashi don ya huce a hankali. Yana cikin haƙo wani noti da ya karye a raminsa a jikin injin sai ga Mailafiya, sakataren ƙungiya, mutum mai sanyin murya wanda bai taɓa kawo labari mai daɗi ba.

"Malam Idi, me kake yi haka?"

"Aiki."

"Ka san doka."

"Na sani. Ni na shimfiɗa maka tabarma ranar da aka kori Misbahu a kan dokar nan."

"To ka tsaya haka nan. Ba a riga an ɗaura ba. In ka tsaya sai mu ce dubawa kawai ka yi."

Idirisu ya hure ramin notin bai ɗago ba. "Na riga na yanke, Mailafiya. So kake in bar wa bawan Allah mota ba wuya?"

A sallar Azahar ba wanda ya yi masa magana, ba kuma wanda ya miƙo masa buta. Ya yi sallarsa ya dawo. Ya tono manifol ɗin, ya goge fuskarsa a kan gilashi da takardar yashi har ya kwanta daidai, don ko kaurin gashi aka bari hayaƙi zai gano wurin. Ya sa sabon gaskit, wato 'yar shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya zaunar da turbon, ya ɗaure notuna huɗun bi da bi. Ya zare ƙusar daga fayif ɗin mai, ya wanke shi da gas har ya fito fes, ya ɗura wa turbon sabon mai da hannunsa kafin ya haɗa. Modibbo ne ke miƙo masa kaya, yana kiran kowace sifana "wancan ɗin".

Bayan La'asar ya ce a tayar. Injin ya kama, ya yi tari biyu, ya tofar da ragowar baƙin hayaƙi, sannan ya daidaita. Idirisu ya bar shi yana aiki a hankali, yana bin bakin gaskit da bayan hannu ko zai ji iska mai zafi. Babu. Ya ɗaga wa Modibbo hannu ya taka totur. Can ƙarƙashin rurin injin wani siririn fito ya taso yana hawa, hayaƙin salansa kuma ya washe har ana ganin katanga ta cikinsa.

"Mi yetti," in ji Modibbo daga cikin motar, godiya ta kuɓuce masa da Fulatanci. "Allah, muryarta ce ta dawo!"

Ba a bari murnar ta yi nisa ba. Mailafiya ya zo ya ce ana kiransa gindin darbejiya. Duk garejin ya hallara, har da masu faci da mai sayar da batir. Mailafiya ya yi bayani cikin sanyin muryarsa, ya ce dattawa sun duba, sun ga Idirisu ɗan gida ne. In ya durƙusa ya ce wa maigidansa ya yi kuskure, aikin Baba daidai yake, shi ne ya yi karambani, to rumfarsa tana nan, a bar wa Bafulatani motarsa yadda take, magana ta wuce.

Sauƙi ne aka yi masa, kowa ya san haka. Wasu har sun fara gyaɗa kai suna shirin watsewa.

Idirisu ya cire hularsa, ya zube gwiwa biyu a gaban tsohon, a cikin ƙasar da ta sha baƙin mai. Yana son mutumin nan, kuma bai taɓa daina sonsa ba.

"Baba, kai ka raine ni. Duk abin da hannun nan ya iya, daga wurinka ya fara. Na taɓa aikinka ba da izininka ba, ka yafe min don Allah." Ya ɗago kai. "Amma aikin ba daidai yake ba. In na ce daidai ne, gobe wani yaro zai cire wa wata motar, ya ce haka Idirisu ma ya yarda. Ba zan faɗa ba."

Injin Modibbo da aka bari yana can yana ta huci. Baba Sagiru bai kalle shi ba. Motar yake kallo, ya daɗe yana kallonta, leɓensa yana motsi kamar zai yi tambaya. Sai ya dubi jama'ar da ke jiransa, ya gyara zama.

"Na yafe maka taɓawar," ya ce. "Mailafiya, a karɓi makulli."

Idirisu ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa, ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa kafin a tambaye shi. Kayansa ba su ɗauki lokaci ba. Modibbo ya kama masa bencin da injin walda suka ɗora a bayan motar, a kan busasshen kashin shanu.

"Ni na jawo maka," in ji Modibbo. "Faɗi inda za mu, ko Miga ce in kai ka. Akwai fili a ƙofar gidana."

Idirisu ya hau gaba ya ja ƙofa, ya nuna masa wata tsamiya a tsallaken titi, daidai saitin ƙofar garejin, inda zai kafa bencinsa.

"Can?" Modibbo ya dube shi. "Ai wannan ko a ka sai mu ɗauka."

"Na sani. Ka zagaya ta gindin darbejiya tukuna, a hankali. In ka zo daidai wurin ka taka mata totur sosai."

Modibbo ya yi dariya har sandarsa ta faɗi tsakanin kujeru, ya sa giya. Da suka zo wucewa Idirisu ya ɗaga wa maigidansa hannu biyu ta taga, kamar yadda yake yi kullum in zai tashi aiki. Tsohon ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa, ya karkata kunne wajen fiton injin.