Gawon Kasko

Wani dare Malam Audi ya ji ƙara a bakin ƙofarsa, ƙas, kamar an taka ƙwai. Ba ɓera ba ne, ba kuma kwanon rufi ba. Da gari ya waye sai ya tarar kaskon da gawonsa ke ciki ya tsage biyu, saiwa ta leƙo tana lalube a kan siminti.

Gawon nan ɗan ƙauyensu ne, can Zamfara. Ranar da aka watse daga garin, mutane na ɗaukar tukwane da tabarmi, shi kuwa ya tsaya tsintar 'ya'yan gawon ƙofar gidan mahaifinsa. Ƙwaya ɗaya ce ta tsiro. Daga baya labari ya iso cewa uwar bishiyar ta zama gawayi. A gidan hayar Unguwar Kanawa kuwa, inda ɗansa ya kama masa ɗaki, mai gida ya shafe ko'ina da siminti, babu ƙasa ko ta tafin hannu.

Sharhabil mai gyaran fanka, maƙwabcinsa, shi ya nuna masa a bidiyo yadda mutanen Jafan ke tsufar da itace a cikin faranti. Bonsai suke ce masa. Tsohon ya roƙi wayar tagulla daga cikin matacciyar fanka, ya nannaɗe rassan, ƙaya na sukarsa, har ya lanƙwasa babban reshen zuwa gabas, kamar wanda suke ɗaure jaki a ƙarƙashinsa a gida.

"Baba, saiwar tsakiya ce ta yi wannan aika-aika," in ji Sharhabil da ya ga kaskon. "Su can yanke ta suke yi."

"Da ita gawo yake shan ruwa, yaro. Har ƙasan rijiya take kaiwa."

"To a nan rijiyar wa za ta je? Mu da ke sayen ruwa a kura."

Malam Audi ya wuni yana juya aska a hannu. Bayan la'asar ya yi bisimilla ya yanke, ya mayar da itacen cikin sabon kasko.

Farkon damina ne. Ganyen ya zube tas, amma tsohon bai damu ba, don dama haka gawo yake: idan duniya ta yi kore shi ya tuɓe, sai an gama ruwa ya yi ganye. Matan gida suna wucewa suna dariya, yana ce musu barci yake yi. Sharhabil ya ce a kankare ɓawon da farce a ga ko akwai ɗanye a ciki. Malam Audi ya riƙe masa hannu.

"Bar shi. Ba a tashin mai barci."

Ruwa ya ɗauke. Sabon gero ya shigo kasuwa, ciyawar bakin kwata ta bushe. Kowace safiya tsohon yakan tsuguna ya bi rassan da ido, babu ko toho, ya zuba ɗan ruwa, ya gyara wayar da ba ta ƙara matsewa ba tun ranar askar.

Turai, matar ɗakin ƙarshe, ta fito shanya wata safiya ta same shi a haka. Ta daɗe tana kallo, rigar yaro na ɗiga a hannunta.

"Baba, tsakani da Allah, wannan gawo ne ko gawa?"

Sharhabil ya sunkuyar da kai a kan fankar da yake kwancewa. Malam Audi ya ɗauki buta, ya zuba wa gawon ruwa.